Cidar da Baba Ya Ji

A shekara ta biyu ta fari na sayi motar, kuma gaskiyar magana farin ne ya saya mini ita. Aikina auna ƙasa, in nuna wa masu haƙar rijiyar burtsatse inda za su kafa injinsu. Da rijiyoyin gargajiya suka fara ƙafewa daga Isa har Sabon Birni, sai na zama mutumin da ake nema ruwa a jallo. Kowane mai gari yana son in taka ƙasarsa, kowane ɗan siyasa yana son a ga famfo a mazaɓarsa. Iyalina suna Isa, ofishinmu yana Sabon Birni, kullum sai na je na dawo. A lokacin hanya tana da lafiya, ba abin tsoro sai rami da jakin da ya ƙi matsawa. Babur ya gama cin bayana, don haka da hali ya samu na ce mota zan saya.

Mai hankali a matsayina akori-kura zai nema, ko ƙaramar motar nan da kowa ke da ita, wadda kowane bakanike ke kwance injinta ido rufe. Ni kuwa tun ina makarantar kwana na ga hoton wata motar Amurka a jikin kalanda a ɗakin wani malaminmu, doguwar hanci, faɗin ƙirji, ƙofa biyu kacal, na ɗauke ta na ajiye a raina. Na girma, na yi aure, na haihu, na yi furfura a gemu, amma ban yi hankali a kan motar nan ba. Da na ji labarin wani dillali a Maraɗi ya shigo da irinsu daga Kwatano, ban yi shawara da kowa ba sai matata da bakanikena, su ma don su ce mini to ne.

Bakaniken nan dattijo ne a Isa, shi ke duba mini babur tun ina sabon ma'aikaci. Da shi na tafi Maraɗi. Iri biyu muka tarar. Akwai mai ƙofa huɗu, babba, wadda matata ta riga ta zaɓa tun a hoton waya, don ta ce yara za su shiga kamar mutane. Ban ko buɗe ta ba. Sai mai ƙofa biyu, ita kuma guda uku ce a jere ƙarƙashin rumfar kwano, jiki ɗaya amma ciki daban. Ta farko filogi shida, kujerun yadi, taya madaidaiciya, ta ɗan ɗaga daga ƙasa. Ta biyu filogi takwas, kujerun fata, salansarta ta kamfani ce, ba ta da hayaniya. Ta uku ma filogi takwas, baƙa wuluk, tayoyi masu faɗi, ta kwanta ƙasa, kuma wanda ya riƙe ta a can ƙasar waje ya cire salansar kamfani ya sa mata wasu manyan bututu biyu.

Dattijo ya cire hula ya shiga ƙarƙashin kowace, yana auna tazarar cikinta da ƙasa da taƙin hannunsa. Ya fito yana kakkaɓe riga ya ce mai filogi shida ita ce motar mai zuwa aiki kullum, ba za ta cinye ni da fetur ba, kuma filogi da bel ɗinta za a samu a Sakkwato. In kuma dole sai takwas, to in ɗauki ta tsakiya. Game da baƙar, abin da ya ce kawai shi ne ko kaza ba za ta wuce ta ƙarƙashinta ba sai ta duƙa. Dillalin bai yi gardama da shi ba, ya san aikinsa. Makulli kawai ya miƙo mini ya ce in tada baƙar in ji.

Na murɗa makulli, rumfar kwanon ta ɗauki rawa. Ƙarar ba a kunne na ji ta ba, a ƙirji na ji ta. Duk maganar dattijo ta bi iska. A hanyar dawowa ya sake gwadawa, ya ce to tunda na saya, in bar masa ita kwana biyu ya sa mata salansa mai shiru. Na ce masa ai ƙarar na saya, motar kyauta aka ba ni. Na yi dariya sosai da wannan magana tawa, shi kuwa bai yi ba.

Motar ta koya mini hankali tun makon farko. 'Yan bumburutun Isa suka haddace fuskata, suna hango ni suna ɗauko galan. Duk tudun da aka yi a kwalta don rage gudu sai na hau shi a karkace, cikinta yana gurzar ƙasa, raina yana gurzuwa tare da shi. Kayan awona ba su shiga but ɗinta ba, sai dai su bi motar ma'aikata. Matata ta shiga sau biyu, ta ga yadda ake naɗe kujera a cusa yara baya, ta ce ita da babur ɗin haya sun saba. Amma akwai wani miƙaƙƙen wuri bayan an wuce Kurawa, kwalta lafiyayya, ba rami, ba kwana. Da safe ba ya moruwa, amalanken masu ɗibar ruwa sun cika shi. Da yamma kuwa, bayan la'asar, in na taso daga aiki na nufi Isa, hanyar tawa ce ni kaɗai. A nan nake taka totur har ƙasa, ta yi gurnani, ta canza giya sau biyu, in ji duk gajiyar ranar ta fita daga jikina.

Yamma da wannan wuri, bayan wani dogon tudun yashi, ƙauyenmu yake. Daga can ba a ganin hanya. Kuma ban gaya wa kowa a gida na sayi mota ba. Ina aika hatsi, ina aika abin cefane, ban bar su da yunwa ba. Amma a shekarar yayana, wanda ke riƙe da gonakin gida, ya sayar da bijimin huɗarsa, kuma Baba ya hana a ɗinka sabuwar riga a gidan ko da ta Salla ce, ya ce ba a yin ado a gaban maƙwabcin da ke auna tsaba da hannu. Ina zan kai baƙar mota mai kujerun fata ƙofar wannan gida? Na ce sai an yi ruwa, an yi kaka, hankali ya kwanta. Ranar Juma'a in zan je gaishe su, sai in ajiye ta a gidan mai a Sabon Birni in hau kabu-kabu.

Baba ya daɗe da rasa idonsa, amma a ƙauyenmu ba a shuka sai an ji ta bakinsa. Kunne gare shi. Yana zaune a gindin bishiyar bedi ta ƙofar gida zai ce hadarin nan na Gatawa ne, ba namu ba, ko ya ce a shigar da shanya, kuma a shigar. Abin da ya fi saurare shi ne cida, wato rugugin nan na nesa da hadari ke yi tun bai iso ba. Shi ne kuma mai ajiyar irin gidanmu. Kowace kaka shi ke zaɓar zangarniyar gero da hannu, ya shafa, ya murza, ya ware masu kyau a ɗaure su daban a rataye cikin rumbu. Geron gidanmu ne tun kakansa, gajere, mai saurin nuna, kuma ba a sayar da shi a kasuwa. A wannan damina an shuka shi sau biyu, sau biyu rana tana ƙone shi. Abin da ya rage bai fi a cika ƙwarya biyu ba.

Juma'ar da ta cika mako biyu da sayen motar, na isa gida bayan an sauko daga masallaci. Na tarar da Baba a gindin bedi yana fara'a, abin da na daɗe ban gani ba. Yayana yana gefe yana gyara ƙotar sungumin shuka. Bayan gaisuwa Baba ya ce in matso ya ba ni albishir. Kwana huɗu ke nan a jere yana jin cida daga gabas, kullum bayan la'asar. Ya kwatanta mini ita dalla-dalla: takan fara can ƙasa-ƙasa, ta taso, ta yanke sau biyu, sannan ta gangara kudu ta ɓace. Ya ce ruwa ne ke zagaya mu yana neman ƙofa, kuma gobe da asuba za a yi binne da sauran irin, wato a shuka shi cikin busasshiyar ƙasa ya jira ruwan a can.

Tun bai gama ba na gane. Bayan la'asar, daga gabas, ta yanke sau biyu, ta nufi kudu inda Isa take. Ƙarar motata ce yake ji. Yayana, ba tare da ya ɗago kai ba, ya ce shi ma ya ji wani abu sau ɗaya, amma ba zai rantse ba, wataƙila babbar mota ce. Baba ya juya fuska wajensa.

"Shekara nawa ina jin manyan motoci bisa hanyag ga? Na san kukan tirela, na san na tipa. Wagga ba mota ba ta, cida ta."

Magana ɗaya ce ta rage mini, kuma tana bakina. Maimakon in faɗe ta sai na kama kewaye-kewaye. Na ce ko a ɗan jira ruwa ya sauka tukuna. Na ce in iri ne, zan sayo buhu a kasuwar Sabon Birni, a ajiye na gida. Baba ya ce na kasuwa dogon gero ne, daminar da ta makara haka ba za ta kai shi ba, namu ne kaɗai zai nuna in an samu ruwan farko a kansa. Sannan ya tambaye ni kai tsaye, cikin raha, ko injin awona ya gaya mini wani abu game da sama. Na ce a'a, injina ƙasa kawai yake gani. Aka yi dariya, har da ni.

Na san abin da na riƙa gaya wa kaina a kan kabu-kabu ina komawa. Ai da gaske gajimare na taruwa a gabas kowace yamma, kowa na gani. Ai Baba bai taɓa kuskure ba, wataƙila akwai cidar gaske a ciki, ta gauraya da tawa. Na yi addu'ar ruwa a makon nan fiye da duk wanda ke ƙauyenmu, kuma ba don gero ba, don ruwan ya rufa mini asiri. Wannan ita ce addu'ar da na fi jin kunyarta a rayuwata.

Aka yi binne ranar Asabar. Maƙwabta biyu da suka ji Baba ya buɗe irinsa na ƙarshe suka buɗe nasu. Ni kuma daga ranar na daina taka mota a miƙaƙƙen wurin, nakan lallaɓa in wuce kamar mai ɗauke da ƙwai. Baba ya zauna gindin bedi yana saurare, yamma bayan yamma, bai sake jin komai ba. Bayan kwana tara aka yi wani yayyafi, daidai wanda zai jiƙa ƙwaya ta tsira amma bai ratsa ƙasa ba. Geron ya fito siriri, kore shar, rana ta bi ta kansa. Abin da bai tsira ba tururuwa ta kwashe. Da ruwan gaske ya zo daga baya, wake aka shuka da irin kasuwar da na sayo, aka samu abin da aka samu. Geron gidanmu kuwa ya ƙare daga wannan shekara. Na bi ƙauyuka har cikin Nijar ina tambaya, an nuna mini masu kama da shi, Baba ya murza a hannu ya ce ba shi ba ne.

Rashin irin ya yi ciwo, amma ba shi ya fi ba. Mutane ba su zagi Baba ba, sun yi abin da ya fi zagi, suka fara tausaya masa. Aka ce tsufa ya taɓa shi, ya fara jin abin da babu. Yayana ya nemo masa rubutu da wani turare. Da hadarin gaske ya taso aka tambaye shi, sai ya ce a tambayi masu ido. Abin da ya fi karya mini zuciya shi ne sallama. In baƙo ya yi sallama a zaure, Baba ba ya amsawa sai ya ji Inna ko wani ya amsa, don ya daina yarda cewa muryar da ya ji akwai mai ita. Ni kaina na yi masa sallama sau uku wata Juma'a yana zaune shi kaɗai, fuskarsa tana kallona, bakinsa yana motsi, bai amsa ba sai da na taɓa gwiwarsa.

Za a ce me ya hana ni faɗa a lokacin. Kullum ina cewa Juma'a mai zuwa. Kuma kullum abin yana ƙara nauyi, don yanzu ba mota kaɗai zan bayyana ba, har da shirun da na yi. Ko salansar ban canza ba. Na ce wa dattijon bakanike ya yi odar ta daga Kano, da ya ce ta iso na riƙa ɗage masa rana. In na fita wajen Shinkafi, nesa da kunnen kowa namu, har a lokacin nakan taka ta in ji daɗi. Ba ni da wata kariya a kan wannan.

Bayan kaka wani kututturen kara ya soki Baba a tafin ƙafa, wurin ya kumbura har ƙauri. Yayana ya kira ni da hantsi ina ofis, ya ce sai an kai Baba asibiti, ga shi ba zai iya hawa babur ba, kuma motar kasuwa sai jibi. Ba ni da zaɓi. Na je da ita, na tsaya a masussuka inda ƙasa ke da tauri, aka kawo Baba a amalanke. Yayana ya dubi motar ya dube ni, ya ce ta ofis ce? Na ce eh. Sai da aka tura kujerar gaba har ƙarshe kafin ƙafar Baba ta miƙe, wurin zama a baya ya toshe, don haka yayana ya ce zai biyo mu a babur. Muka rage ni da Baba.

Da na tada inji, ya ɗora tafin hannunsa a jikin ƙofa. Na bi burji a hankali, ina roƙon Allah ciwon ƙafar ya ɗauke masa hankali. Muna hawa kwalta ya ce in taka ta. Na ce ƙafarsa za ta girgiza. Ya ce in taka. Na taka, ta yi gurnaninta, ta canza giya, ta sake canzawa. Ya ɗaga hannu, na gangara gefen hanya na kashe.

"Wagga mota, wa ad da ita?"

"Tawa ta, Baba. Ba ta ohis ba ta."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon damina."

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da ya cancance ni. Sai na ji yana dariya, ƙasa-ƙasa, hawaye na bin gemunsa. Yana ta hamdala. Ya ce ashe ya ji, ashe akwai abin, ashe ba haukacewa ya yi ba. Ya kama hannuna ya matse kamar na kawo masa kyauta. Wata biyar yana zaune da tsoron kansa, kuma maganin yana aljihuna tare da makulli. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Dariyar ta lafa a hankali. Ya saki hannuna. Wata tipa ta wuce mu, ya bi ta da kunne har ta yi nisa.

"Jumma'ag ga da kaz zaka, da nic ce za a yi binne. Ka san ita ta?"

"Na sani, Baba."

Ya gyara zaman ƙafarsa mai ciwo. Ni kuwa ban nemi gafara ba. Can muka jiyo babur ɗin yayana yana tahowa daga baya, Baba ya riga ni ji.

"Kak ka hwaɗa ma yayanka. Shi yas shuka irin ga da hannunai, in yaj jiya ba ku ƙara zama inuwa guda. Bari a tahi da cewa ni ar ruɗe. Tada mu tahi, ƙahwata na ciwo."

Na tada muka tafi. Ƙafar ta warke, ya koma amsa sallama tun daga zaure, amma bai sake cewa komai game da ruwa ba, kuma bai sake tada zancen da ni ba har ya rasu bayan shekara biyu. Na bi umarninsa, kuma ba zan yi ƙarya ba, umarnin ya yi mini daidai. Har yau in an taru a gida ana tuna shi, yayana yakan ba da labarin shekarar da tsufa ya fara taɓa Baba, ya riƙa jin cida ba hadari, har irin gidanmu ya salwanta. Yana faɗa ne da tausayi, ba da zargi ba. Kowa ya ce Allah ya jiƙansa, ni ma in ce amin.